Hawan Jini da Ciwon Sukari: Kowane Lokaci da Irin Hatsarinsa

Ƴan'uwa fatake da dillalai, babu wanda ya fi mu sanin yadda lokaci ke juya dabba: da bazara ta rame, da damina ta murmure. To, jikin mutum ma haka yake, musamman mai fama da ciwon da ba ya rabuwa da shi, kamar hawan jini, wanda muke cewa tansiyo, da ciwon sukari da asma. Ciwon yana nan duk shekara. Yanayi da abin da muke ci su ne ke tayar da shi ko su lafar da shi.

Mu fara da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa awon mai tansiyo yakan hau a wannan lokaci. Kuma lokacin ne muka fi zama gaban mai tsire da mai shayi. Kilishi, balangu da yaji cike suke da gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Goro da shayi mai kauri su ma suna ɗaga awon na ɗan lokaci. Mai asma kuwa, ƙurar hunturu ta haɗu da ƙurar kara, sai numfashi ya sarƙe. Ya rufe hanci da rawani, abin shaƙarsa kuma ya zauna a aljihu, ba cikin jaka a bayan mota ba.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram. Nan ne tarkon mai ciwon sukari. In sukari ya yi yawa a jini, fitsari zai yawaita, ga gumi, sai ƙishirwa ta taso. Mutum ya kai hannu ga lemon kwalba mai sanyi, alhali kwalbar santilita 33 tana iya ɗauke da sukari kusan giram 35. Sukari ya ƙaru, ƙishirwa ta ƙaru. Ruwa zalla shi ne mafita. Fura ma a dama ta ba sukari, a sha daidai. Mai allurar insulin ya sani zafi yana kashe ƙarfinta. Kada a bar ta gaban mota. A naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa.

Mai tansiyo da ke shan ƙwayar sa fitsari yana iya jin jiri in ya miƙe tsaye cikin zafi. Wannan ba dalilin jefar da magani ba ne, dalilin komawa wurin likita ne ya sake duba adadin. Haka nan a kiyayi ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a tebur, irin su ibuprofen da diclofenac. Suna tayar da tansiyo, kuma in jiki ba ruwa suna iya taɓa ƙoda.

Damina ita ma da nata. Zazzaɓin cizon sauro yana birkita awon sukari, don haka a nemi gwaji da wuri. Sai batun ƙafa. Ciwon sukari in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum ko saniya ta take shi bai ji ba. Laka da kashin shanu su shiga, ɗan rauni ya zama gyambo, wani lokaci har a yanke ƙafar. A sa takalmi rufaffe, kowane dare a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a duba tafin.

Akwai kuma hatsarin hanya, wanda bai san lokaci ba. Mutum ya sha ƙwayar sukari da safe, mota ta lalace a daji, bai ci komai ba. Sai rawar jiki, gumi mai sanyi da ruɗewa: sukari ya faɗi ke nan. A riƙa tafiya da ƙwarar sukari ko dabino, a kuma gaya wa direba da yaran mota. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti.

Hawan jini sau da yawa ba ya ba da wata alama, don haka jin sauƙi ba warkewa ba ne. Awo ne kaɗai ke faɗin gaskiya. In ya kai 140 bisa 90, wato 14 da 9, kuma aka maimaita aka ga haka, sai a ga likita. Awon sukari kafin karin kumallo in ya kai giram 1.26 a lita, shi ma haka.

Kafin mu yi lodin Legas ko Kumasi, mukan ƙirga shanu, mu karɓi takardar likitan dabbobi. To, mu ƙirga ƙwayoyinmu su ma, su ishe mu zuwa da dawowa, har da rarar kwanaki. Duk shigowar sabon lokaci mu je a yi mana awo. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.