Kada a naɗe ƙosai da fastar Sangaya

A da, a Birnin Gwari, da fasta muke sanin sabon fim ya iso: a manna ta a ƙofar gidan kallo ko shagon aski. Yanzu waya ta ƙwace aikin, har hoton Black Panther na 2018 a nan muka gan shi. Tsofaffin fastocin kuwa gara da damina na ta cinye su.

A Ghana, a shekarun 1980, da hannu ake zana fastar fim a kan buhun fulawa. Yau masu tara su a Amurka daloli suke zubawa su saya. Namu na Sangaya da Wasila fa? Ku leƙa akwatin yayyenku. In kun samu, a shimfiɗe ake ajiyewa, nesa da rana, ban da salatef.