Yoga ta shigo Ƙofar Mazugal ta waya: Motsa jiki ce ko bauta?

Ƙofar Mazugal na cikin tsofaffin ƙofofin Kano, tun ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12. A da, duk baƙon da zai shiga birni sai ya bi ta hannun sarkin ƙofa. Yanzu ta waya baƙi ke shigowa, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce yoga: bidiyon mutum kan tabarma yana miƙa, yana jan numfashi a hankali, ana cewa hakan na kawo natsuwa da sanin kai.

Ba mamaki ta ja hankali. Telan da ya wuni kan keke, da direban A Daidaita Sahu da ke gwagwarmaya da cunkoson hanyar Ƙofar Ruwa, duk sun san ciwon baya da cushewar kai. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai iya gwadawa kafin ya koma ga ƙwayoyi. Ba ta buƙatar kuɗi, fili kamar na dadduma ya isa.

Amma a Kano tambayar farko ita ce: halal ce?

Tambayar na da tushe. A Indiya yoga ta samo asali, cikin addinin Hindu da maƙwabtansa. Littafin Patanjali, wanda masu yoga ke komawa gare shi, ya kasa ta kashi takwas, kuma lanƙwasa jikin da ake gani a TikTok kashi ɗaya ne kawai. Sauran sun shafi ɗabi'a, numfashi da tattara hankali, har zuwa wani matsayi na ruhi. Akwai kuma jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, wato gaisuwar rana, da furta kalmar "Om" mai tsarki a wurin Hindu. A nan Musulmi ke ja da baya.

Ƙasashen Musulmi ma ba su yi baki ɗaya ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta raba zancen biyu: ta haramta wadda ke ɗauke da addu'o'in Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Tun 2015 kuma ake bikin ranar yoga ta duniya duk 21 ga Yuni, bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na Disamban 2014.

Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne, sashen "sanin kai" da suke tallatawa ba baƙo ba ne a cikin Badala. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da muhasaba, wato mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi, da muraƙaba, wato lura da abin da ke kai-komo a zuciya. Imamu Gazali ya ware musu littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ga wazifar 'yan Tijjaniyya, ga zikirin Ƙadiriyya a Kabara, ga halwa. Wanda ya saba zama bayan Asuba da carbi ba sai an koya masa amfanin shiru ba.

Inda birni ke da giɓi shi ne ɓangaren jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Matashi na iya buga ƙwallo ko ya hau Dutsen Dala da sassafe, amma matar aure da ke cikin gida fa, ko dattijo mai ciwon gwiwa? Su ne miƙa da atisayen numfashi a tsakar ɗaki za su fi yi wa rana, ko da ba a kira shi yoga ba.

Sai dai bidiyo ba ya duba lafiyar mai kallo. Tsayuwa a kan kai da murɗa wuya na iya illata mai hawan jini, mai juna biyu, ko wanda ƙashin bayansa ya taɓu. Irin waɗannan gara su fara ganin masu gashin ƙashi, kuma Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa daga ƙofar.