Masu Igiya da Roba a Kasuwar Getso

Idan aka ambaci Getso ranar Laraba, shanu ne ke fara faɗo wa mutum a rai, sai buhunan masara da dawa da waken suya. Amma yau ba san da ke zuwa Kano da ƙafarsa, buhu kuma ba ya kai kansa Dawanau. Mota ce ke ɗauka, ita kuwa sai an ɗaure mata kaya, an rufa mata tamfol, an tokare mata taya. Masu sayar da wannan tarkacen suna can gefen da ake lodi, inda ƙura ta fi tashi, kuma ba a cika sa su a lissafi ba idan ana zancen girman kasuwar.

Mun taso mun tarar akori-kura ce ke riƙe da wannan fili. Fijo 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun da kamfanin PAN ya buɗe a 1975, su ne ke kwaso hatsi da awaki da mutane a lodi ɗaya. Yanzu saura 'yan ƙalilan, sun sha walda har ba a gane asalin fentinsu. Kanta ta karɓe filin, sai J5, da tsofaffin Hilux, da babura masu ƙafa uku na dako. Motocin sun sauya, hanyoyin da suke bi idan sun sauka daga kwalta kuwa suna nan yadda muka san su. Wanda ya taɓa shiga ƙauyukan bayan Kutama da Lakwaya, ko rugagen da ke tsakanin Garo da Durun a watan Agusta, ya san abin da nake nufi. An ce a Amurka mutum kan kashe kuɗi ya ɗaura wa motarsa injin ja da manyan tayoyi don ya je ya faɗa laka da gangan ranar hutu. Direban Getso ba ya neman laka, ita ke nemansa, kuma guzurinsa shebur ne da sarƙa da katako biyu da ƙartin ƙauye masu turi.

Akwai wani dattijo a layin masu igiya da na daɗe da sani, tun gemunsa bai yi fari ba. Jarinsa duka bai wuce tabarma biyu ba: igiyoyi a naɗe, robobi a rataye jikin sanda, waigi a jere, sai jak na hannu biyu ko uku da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Roba ce sana'arsa ta ainihi. Zai ɗauko tsohon tif na gingimari, ya wasa wuƙa, ya jiƙa bakinta da ruwa, ya riƙa yanka yana juya tif ɗin a cinyarsa, har ya fitar da zare ɗaya dogo mai faɗin yatsa biyu, ba tare da ya tsinke ko ya karkace ba. Ba ya awo, idonsa ne ma'auni. In ya gama sai ya taka ƙarshen da ƙafa ya ja sama, ya saki, ya saurari ƙarar. Wadda rana ta cinye ba ta ƙara, ya san ta, yana ware ta ga masu ɗaure buhun gawayi a keke.

Shi ya fahimtar da ni abin da ya sa direban kirki ba ya dogara da igiya ita kaɗai. Kaya na zama idan mota ta sha gargada. Buhunan da aka ɗaure tamau a Getso, kafin a kai Kabo sun lotsa, igiya ta yi sako-sako. Roba kuwa tana bin kayan, duk inda suka lotsa ta ƙara matsewa. Don haka igiya a ƙasa, tamfol a kai, roba a bisa. Lodin shanu kuma nasa daban: a zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan bodi don kada kofato ya zame, a ɗaure ƙaho jikin ƙarfe da igiya mai laushi wadda ba za ta ci fata ba.

Na ɗaga wata igiya mai kauri na ce, "Baba, wannan fa?"

"Dubu bakwai, ɗana."

"Haba Baba, igiyar buhu ce fa. Na saya huɗu."

"Albarka. Buhun ma ai yanzu saye ake, ba tsinta ba."

Na ƙara ɗari biyar, ya kau da kai ya ci gaba da yankansa kamar ba da shi nake ba. Sai da na kai dubu biyar da ɗari biyar, na yi kamar zan wuce, sannan ya ce Allah ya ba mu alheri, ya ɗora mini guntuwar roba gyara. Gaskiyarsa ce. Igiyar rama da ta kaba da muka sani sun ja baya, yanzu tsohon buhu ake warwarewa a tufka, shi ma buhun ya yi daraja. Tif kuma ƙaranci yake yi, domin ƙananan motoci sun koma taya marar tif, ga masu ɗinka guga suna rububin wanda ya rage. Taya kanta tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, sai ta waje, galibin direbobin nan kuwa 'yar Beljiyam suke iya saye. Matasa sun fara kawo bel mai ƙugiya ɗan Chana, wanda ake ɗaurewa da 'yar maƙala. Yana da sauri, ban musa ba. Dattijon dai cewa yake in haƙorinsa ya karye a daji sai a jefar, igiya kuwa ƙulli ɗaya ta koma aiki.

Waigi ba ya buƙatar dogon bayani. Guntun icce ne, amma yaron motar da bai iya dirowa ya cusa shi a bayan taya kafin mota ta gangaro ba, bai fara aiki ba tukuna.

Inda raina ba ya kwanciya shi ne wajen masu walda. Can ake ƙara wa sifirin ganye, a ɗaga bodi da ƙarafa, a jona kariya bisa kan direba. Aikin yana da kyau, hannunsu ya faɗa. Sai dai sifirin ake ƙarawa, birki yana nan yadda kamfani ya yi shi, ga fasinja a zaune bisa buhuna ƙafafu na reto. In ka yi magana direba ya karanto maka lissafinsa: fetur da bai kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayu 2023 ya haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, gas ma ya daɗe da tashi, ga kuɗin 'yan kamasho, ga rasit a bakin kasuwa, ga masu tare hanya kowa da irin takardarsa. Ya ce in bai yi lodin mota biyu a ɗaya ba, me zai kai wa mai mota? Na ji uzurin, amma uzuri ba ya tsayar da Kanta a gangara.

Masu yankar rasit ɗin nan kuwa, kowace Laraba suna nan ba fashi. Filin lodin da damina taɓo ne, mota kan kafe tun ba ta bar kasuwa ba, masu igiya suna janye tabarminsu daga ruwa. Tifa kaɗan ta burji da rumfa ɗaya ta kwano ba su fi ƙarfin abin da ake tarawa a nan ba. A zuba kafin ruwan baɗi ya sauka.