Tantin Rufin Mota: Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Duba

A shekarar 1958 ne aka fara ƙera wani irin tanti a ƙasar Italiya wanda ake ɗaurawa a kan rufin mota, matafiyi ya hau da tsani ya kwana nesa da kunama da maciji da danshin ƙasa. Daga baya ya samu karɓuwa sosai a Afirka ta Kudu da Ostireliya, kuma Turawan da suka riƙa ratso Sahara daga Aljiyas, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano, sun yi amfani da shi. Mai saye yakan fara da shafa yadin tantin. Amma abin da ke kashe tanti a doguwar tafiya nauyi ne da jijjiga.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafe, kuma an rubuta shi a littafin da ya zo da ita. A yawancin motoci iyakar tana tsakanin kilo 50 da 100. Shi kuwa tanti yakan kai kilo 45 zuwa 90, ban da nauyin kariyar da aka ɗora shi a kai. To, ɗalibi zai iya tambaya: yaya rufin da ba ya ɗaukar fiye da kilo 75 zai ɗauki tanti da manya biyu a cikinsa? Amsar tana cikin dokar Newton ta biyu. Idan mota tana tsaye, nauyin kayan kawai rufin ke ji. Idan kuwa ta faɗa rami ko aka taka birki da ƙarfi, saurin kayan yana canjawa farat ɗaya, sai ƙarfin da ke danna rufin ya ninka nauyinsu. Shi ya sa iyakar tsayuwa ta fi ta tafiya nesa ba kusa ba, kuma da ta tafiya ake yin lissafi.

Haka nan duk kilo guda da aka ɗora a sama yana ɗaga cibiyar nauyin mota. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka yi wa lodin buhuna har sama ta kife a kwana ya ga wannan darasi da idonsa. A gefen tudun yashi haɗarin ya fi haka. A ganina, tanti mara nauyi ya fi mai faɗi, ko da za a ɗan matsu.

Sai batun jijjiga. Hanyar burji mai gargada tana girgiza mota sau dubbai a sa'a guda. Noti yana warwarewa a hankali, ƙarfe kuma yana gajiya, kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Saboda haka a duba mahaɗai da maɗaurai, a nemi noti mai zoben roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa, a kuma bi su da sufana kowace safiya.

Tanti iri biyu ne. Mai murfi mai tauri yana buɗewa cikin minti ɗaya ko biyu, kuma iska tana zamewa a kansa. Mai naɗewa, wanda ake rufewa da tamfol, ya fi araha da fili, amma yana tare iska. Turjiyar iska kuwa tana ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, watau mai ya fi ƙonewa ke nan a inda gidan mai ke da nisa.

Yanzu mu koma ga yadi. Wanda ya fi juriya shi ne haɗin auduga da foliyesta, mai nauyin giram 280 zuwa 320 a kowace murabba'in mita. Zaren auduga yana kumbura idan ya jiƙe, ya toshe ƙofofin saƙa, da ya bushe kuma iska ta wuce. Nailan ba shi da nauyi, sai dai hasken altirabayolet na rana yana cinye shi da sauri fiye da foliyesta. Idan yadi ba ya barin iska ta ratsa, tururin numfashi yakan zama raɓa a cikin tanti, musamman a hamada inda dare ke da sanyi, katifa ta jiƙe daga ƙasa. Tantin da aka naɗe da laima kuwa fumfuna ce ke gamawa da shi.

Zif ƙaramin abu ne, amma shi ne yakan fara lalacewa, domin ƙura tana goge haƙoransa kamar sanfefa. A zaɓi mai manyan haƙora, a riƙa share shi da busasshen buroshi, kada a shafa masa man giris, don giris ƙura yake tarawa.