HAWAN BABUR A IKKO: HANYAR LAFIYA A BI TA DA SHEKARA

Duk wanda ya leƙa Agege ko Mile 12 da sassafe zai ga samari birjik a kan babura suna jiran fasinja, da yawansu kuwa 'yan Arewa ne da suka zo neman abinci. Sana'ar da ake kira acaɓa a Kano, ita ce okada a Ikko. Tana ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa, amma kuma ta kwantar da samari da dama a asibitin ƙashi na Igbobi.

Yawan haɗari na cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Jihar Ikko ta hana babura bin hanyoyi 475 a shekarar 2012. Ran 1 ga Yuni, 2022 kuma aka haramta acaɓa ɗungum a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu 4. Wanda ya rage kan sana'ar a sauran wurare, wajibi ne ya san abin da ke kayar da mutane.

Na farko shi ne gudu. Babur mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Ashe kafin mai shi ya ga haɗari har ya kai hannu ga burki, ya riga ya shafe tsawon motoci uku. In kuma ya ninka gudun, nisan da burki ke bukata kafin ya tsaya zai ninka sau huɗu. Shi ya sa ake so a bar rata mai kyau tsakani da motar gaba, musamman danfo, wadda kan tsaya ba zato da zarar kwandasta ya hango fasinja.

Na biyu, kurɗawa gefen manyan motoci. Direban tirela yana can sama, akwai wurare a gefensa da bayansa da madubi ba ya nuna masa. Mai babur ya riƙe wannan ƙa'ida: in bai ga fuskar direba cikin madubi ba, to direban ma bai gan shi ba. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka ta hagu ake wuce mota. Wanda ya kurɗa ta dama lokacin da tirela za ta karya kwana, tayar baya ce za ta same shi.

Sai batun burki. Wasu na tsoron na gaba, alhali shi ne ya fi ƙarfin tsayar da babur. A haɗa su duka biyun, a matsa sannu-sannu, kada a fizga. Ruwan farko bayan rani ya fi santsi, domin yana taso da man da ya zuba a kwalta.

Ga kuma hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu, 2009. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hula mai kyau tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Sai dai fa a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba za ta riga mai ita faɗuwa. Hular magina ba ta wannan aiki.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya ɗauki mutum uku, ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya sha ƙwaya don kada ya gaji, ya taro aradu da ka. Iyali na can gida suna jiran aike. Allah ya kiyaye hanya, amin.