Katin Agajin Hanya: Ko Ya Ci Kuɗinsa Ga Mai Fataucin Shanu?



Kwanakin nan in ka zauna a rumfar kara ba ka rasa jin maganar katin agajin hanya. Wani ya ce sabuwar dabara ce ta cin kuɗin mutane, wani ya ce shi kam tun da ya yanka yake barci har da minshari ko da motarsa tana daji. To, na ga ya kamata mu zauna mu warware abin a tsanake, don kada mutum ya biya kuɗi a kan abin da ya zata, ya tarar da wani abu daban ranar da buƙata ta taso.

Shi dai wannan kati, kuɗi ne kake biya wa wani kamfani ko ƙungiya sau ɗaya a shekara. In motarka ta mutu a hanya sai ka buga musu waya, su turo makaniki. In ƙaramar matsala ce, kamar batir ya yi sanyi, ko taya ta fashe, ko mai ya ƙare, a gyara nan take. In ta fi ƙarfin bakin hanya, su turo janwe a ja motar zuwa gareji. Ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka an kafa ƙungiyar AAA a 1902, a Jamus ADAC a 1903, a Ingila kuma AA a 1905. Abin dariya, ita ta Ingila farkon aikinta shi ne tura mutane a kan kekuna su riƙa sanar da direbobi inda 'yan sanda suka laɓe suna kama masu gudu. Wato abin da direbobinmu ke yi wa juna da fitila yau, su da kuɗi suka fara sayensa.

Amma ku lura da irin motar da aka tsara abin dominta. Ƙaramar mota ce ta mai gida da iyalinsa, a ƙasar da kowane gari yake da gareji da janwe. Katin AA na gama-gari bai ɗaukar motar da nauyinta ya wuce tan 3 da rabi. A wajen AAA kuwa, yawanci kira 4 ake ba ka a shekara, ƙaramin kati ana jan motarka 'yan mil kaɗan ne kawai, sai ka ƙara kuɗi sannan a kai ka har mil 100. Manyan motoci tsarinsu daban, kuɗinsu daban. Masu sayar da irin wannan kati a ƙasashenmu daga can suka kwaikwayo, har da sharuɗɗan. Saboda haka abin da katin ya sani shi ne ƙarfe. Mu kuwa dukiyarmu mai rai ce, tana shan ruwa, tana gajiya, tana mutuwa.

Bari in ba ku abin da ya same ni, don a nan na koyi karatun. Wata shekara da bazara na yi lodin shanu 32 a Mai'aduwa ranar kasuwa, za mu kudu. Tsakanin Tegina da Mokwa, wajen la'asar, giyar motar ta ƙi. Mai motar yana da irin wannan kati, direba ya ciro shi daga aljihu yana murmushi. Da aka buga waya, sun amsa da ladabi, ban ce ba. Sai dai suka ce janwen da zai iya jan tirela yana nesa, sai gobe, kuma ko ya zo kan motar kaɗai zai ja, bodi da abin da ke cikinsa ba ya cikin yarjejeniya. Ba su yi mana ƙarya ba, haka yake rubuce a takardar, mu ne ba mu karanta ba.

Kun san yadda dabba take a cikin mota. Muddin ana tafiya iska na shiga, tana jurewa. Da an tsaya, ƙarfe ya ɗau zafi, sai numfashi ya fara sama-sama. Wadda ta gaji ta kwanta, sauran su tattake ta. Kafin hantsin washegari uku sun faɗi. Biyu mun samu mun yanka, mahautan wani ƙauye suka saya yadda suka ga dama, don sun san ba mu da zaɓi. Ɗaya kuwa yara ba su farga ba sai da ta cika, ta zama mushe, ko fatar ba mu tsaya a kanta ba. Ruwa da jarka muka riƙa saye a wajen masu babur. Abin da ya cece mu a ƙarshe wani ɗan uwa ne a karar da ke kusa, wanda ya samo mana motar da ta sauke kaya. Aka nemi wani tudu a gefen hanya aka jingina motocin, aka yi juye. Janwe ya iso mun daɗe da wucewa.

Kuma asarar da ta fi ciwo ba waɗannan ukun ba ne. Sauran 29 sun isa a rame, ciki ya shafe, ga raunuka a ƙugu da haƙarƙari. Mahauci na kudu da ido yake awo, kowane sa sai da ya rage masa wani abu. Ga shi mun rasa ranar da muka nufa, muka shiga kasuwa ta cika. In ka tara wannan ragin a kan kai 29, ya fi kuɗin shanun da suka faɗi.

Wani zai ce, me ya hana ku sauke su su yi kiwo kafin gyara? A da haka ake yi. Yanzu sai an duba inda ake. Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017, Ondo da Legas suka yi tasu a 2021, akwai wasu jihohin ma. Ka sauke shanu a gefen gonar mutane a irin waɗannan wurare, ka sayi wata fitinar da ta fi mutuwar mota.

Akwai kuma ruɗani game da takardu, wanda nake ji ko a bakin manyan fatake. Katin inshorar ECOWAS, wanda ake kira Brown Card a Najeriya, Carte Brune a ƙasashen Faransanci, an kafa tsarinsa tun 1982. Aikinsa shi ne biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna a wata ƙasa: ka buge mutum, ko motar wani, ko shagon wani. Ba ya gyara motarka, ba ya jan ta, ba ya biyan ko ɗan maraƙi. 'Yan uwanmu na Cadi da Kamaru nasu shi ne Carte Rose na CEMAC, shi ma haka. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS a Janairun 2025, duk mai ƙetare iyaka da mota ya je wurin mai inshorarsa ya sa a nuna masa a rubuce ƙasashen da takardarsa ke aiki. Inshorar kayan da ke cikin mota ita ma dabam take, kuma sau da yawa ana cire dabbobi masu rai daga cikinta sai in an ambace su da suna. Wato abu uku ne: na wanda ka yi wa ɓarna, na kaya, da na agajin hanya. Riƙe ɗaya ba ya ɗauke maka sauran.

Haka nan katin agaji ba ruwansa da abin da ba mutuwar mota ba. Waɗanda suka kwana a layi lokacin da gadar Tatabu ta karye a hanyar Mokwa zuwa Jebba a 2017 sun san wannan. Motarka lafiya lau, shanunka na galabaita, babu wanda za ka kira. Jami'an kiyaye haɗura na Najeriya suna da lambar gaggawa 122, yana da kyau kowane direba ya haddace ta, amma su aikinsu ceton rai ne da buɗe hanya, ba kai shanunka kasuwa ba.

To yaya mutum zai gane ko katin ya ci kuɗinsa? Ɗauko littafinka na lissafi. Mu ƙaddara, misali ne kawai, kuɗin katin jika 120 na sefa ne a shekara, kai kuma kana lodi sau 24. Ka ga kowace tafiya jika 5 ke nan, bai kai abin da kake ba yaran mota na abinci ba. Ta wannan fuska yana da araha. Amma tambayar da ta fi ita ce: a shekara 3 da suka wuce sau nawa mota ta kwana da kai a daji, kuma a cikin abin da ka yi asara, nawa ne katin zai ɗauke? In kuɗin janwe da na makaniki kaɗai zai biya, to wannan dama nauyin mai mota ne. Yawancinmu haya muke ɗauka ta hannun 'yan kamasho, motar yau dabam, ta gobe dabam. Wani katin sunan mutum yake bi, wani lambar mota yake bi. In mai bin lamba ne, bafataken da ba shi da motar kansa ya sayi iska.

Ni a ganina, ga wanda yake da ƙaramar motar zirga-zirga tsakanin kasuwanni, Maigatari yau, Illela jibi, katin na iya yi masa amfani, in dai kamfanin yana da mutane a hanyoyin da yake bi, ba a babban birni kaɗai ba. Ga mai tirela ta kansa, sai ya zauna da su ya yi tambaya har su gaji. Za su ja mota da lodinta? Awa nawa suka ɗaukar wa kansu kafin su iso, kuma in sun wuce wannan lokaci me za su biya? Suna aiki da dare da ranar Juma'a da Lahadi? Katin yana ƙetare iyaka, ko a Jibiya ko Ƙonni ko Gamboru yake tsayawa? Sannan uwa uba, za su kawo wata mota a yi juye? In amsar wannan ta ƙarshe a'a ce, ni dai ba zan ƙirga shi cikin abin da ke tsare mini dukiya ba. Kuma duk abin da suka amsa a baki, a nuna maka layin da yake a takarda. In Turanci ne ko Faransanci, ka tafi da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka kalma-kalma, har da ƙananan rubutun ƙasa.

Wasu sukan tsaya a kan hukuncin abin. Malamai da yawa suna da magana a kan inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ka biya ba ka san ko za ka karɓa ba, amma sun fi sauƙaƙawa a asusun taimakon juna, wanda ake kira takaful. Wannan ma ya sa na fi karkata ga mu yi namu. Kowane lodi a ajiye wani abu ƙayyadadde a asusu, a samu amintaccen mutum a kowane zango, Funtuwa, Kaduna, Mokwa, Ilori, Ibadan, wanda ya san masu motoci da masu ruwa da mahautan da ba za su yi mana cin fuska ba. Ba na ɓoye muku cewa irin wannan asusu yana da nasa ciwon. Mun sha ganin an fara da zafi, wata shida a nemi ma'aji a rasa, ko kuwa kowa ya riƙa kawo kukan da ba na hanya ba. Sai an rubuta abin da asusu zai biya da wanda ba zai biya ba, mutum biyu su riƙa sa hannu, a karanta lissafi a gaban jama'a.

Kafin a kai ga haka, ga abin da nake yi tun daga waccan tafiya. Ba na biyan kuɗin mota duka a wurin lodi, ina riƙe kashi ɗaya cikin uku sai an sauke. A gaban ɗan kamasho da shaidu biyu muke yanke cewa in mota ta tsaya ta wuce awa 6, za a nemi juye, kuma daga ragowar kuɗin za a biya. Ina zagaya motar da kaina in duba tayoyi da safaya da lagireto, in ga jak da fanbel na ajiya. Na rage kai biyu daga abin da nake cusawa a da, na ƙara yaro ɗaya a bodi, da jarkoki huɗu na ruwa da wuƙa mai kaifi a hannun wanda ya iya yanka. Masu mota biyu sun ƙi wannan sharaɗi na awa 6, na bar su na ɗauki ta uku.