Bango ma gona ne: magarya mai aure a tsakar gida

Kowa ta san yadda ƙasa ta yi ƙunci a nan Gangara har zuwa Agiye da Gazawa. Gonakin gado sun rarrabu, mata da yawa ko gamana ba su da ita. Amma akwai filin da kusan kowace mace ke da shi: gindin bangon gidanta.

A Faransa, sun daɗe suna shimfiɗa rassan iccen da suke kira fuwar a jikin bango, kamar tabarmar da aka jingine. A lambun sarki na Versailles, da aka gama a 1683, har yau ana yin haka. Iccen nan sai da sanyi mai tsanani yake yin ɗiya, don haka ba zai yi a ƙasarmu ba. Dubarar ce za mu ɗauka, mu yi ta da namu icce.

Namu kuwa ita ce magarya mai aure, wadda ake ce ma tuffar Sahel. Ana ɗaura reshen wani iri daga Indiya, kamar Gola, bisa gindin magaryarmu ta daji. Cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen baza ta. Saiwar tamu ce, ta saba da fari. Ɗiyan kuwa sukan kai ƙwan zabuwa.

Ga yadda ake yi. A gina rami kamu biyu nesa da bango, don kada ruwa ya cinye gindinsa, a zuba taki ruɓaɓɓe. Bangon da ke samun hantsi ya fi wanda ranar yamma ke gasawa. A kafa sanduna biyu, a ja waya layi uku tsakaninsu. In dashe ya kama, a zaɓi rassa biyu ga kowane layi, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure da tsumma sako-sako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Reshen da ya kwanta yana rage gudun tsawo, rana ta shiga ko'ina, tsinka kuma ba sai da sanda ba.

Abu uku kada a manta. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, in ba haka ba ta daji za ta rinjaya. Bayan an gama tsinka, da bazara, a datse ƙananan rassa, don sabon toho ne ke yin ɗiya. Sannan a kewaye da darni saboda awaki da yara, tunda tana da ƙaya. Ruwan alwala ya isa taimako. Na omo kam a'a. Ɗiyan da suka faɗi da tsutsa a binne su da zurfi, don ƙudan kada ya yaɗu.

Tsarin Mata Masu Dubara nan jiharmu ta Maradi ya fara a 1991, da ƴan daloli a cikin akwati. Mu kai zancen ga taron asusu: ƙungiya ta yi sayen dashe a haɗe, ta nemi ma'aikatan gandun daji su koya ma mata biyu aurar da icce. Kuma kafin ki dasa, ki yi magana da maigida a gaban shaidu, a san iccen naki ne, ɗiyansa naki ne. Allah ya sa albarka.